Hannun Daman Yaya Rakiya

Mutanen garinmu sun gama yanke hukunci a kan tafiyarmu Masar tun kafin mu kwance kaya. Wasu suka ce an cuce mu, tunda a keken guragu Yaya Rakiya ta tafi, a cikinsa kuma ta dawo. Wasu suka ce maganin ya so ya yi aiki, ni ce na ɓata shi da faɗa da likitoci. Inda duk suka haɗu shi ne wai na hau jirgi kaina ya kumbura, na dawo ina korar 'yan dubiya daga ƙofar yayata. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ina korar su. Sauran kuwa ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa zan faɗa ba sai an tambaya ba.

Ni ban taɓa sa rai da ƙafa ba. Hannu na je tsarewa.

Ciwon Yaya ya fara ne tana kai abinci gona, ƙafarta ta riƙa jan ƙasa a kan kunyar ruwa. Aka ce sammu, aka ce iska, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Daga baya wani likita a Kano ya ba ciwon suna mai tsawo, su ma likitocin MS kawai suke ce masa. Yadda na gane shi, kamar kanal ɗin ban-ruwa ne ya tsattsage a hanya: ruwa yana tasowa daga sama, amma ba ya isa gonakin ƙarshe. Ƙafafu suka fara bushewa. Keken ɗinkinta ya koma wurin ajiye kwanuka. Hannun hagu ya bi. Ya rage saura na dama, kuma da shi take cin tuwo, da shi take jan carbi, da shi take dungure min kai. Ta taɓa ce min ranar da za a fara ba ta abinci a baki, a ranar ta gama zama mutum. Ban yarda da maganar ba, amma ba jikina ba ne.

Mijinta, Yaya Ado, shi ya jiyo labarin maganin daga bakin wani mutumin Garun Malam da ya kai mahaifinsa Masar. Lokacin rani ne, tumatir ya fara ja, in ya bar gona babu abin da za a yi jinyar da shi. Kuma mace ake bukata, mai wanka da kai ta bayi. Ni ce auta, na gama sakandare, ina jin Turanci daidai na rigima. Aka ce ni.

A filin jirgin Alƙahira aka miƙo mana keken Yaya matakin ƙafa ɗaya ya karye. Ina cikin ɗaure shi da ɗankwalina wani ya yi sallama a kaina da Hausa. Malam Kabiru ke nan, tafintan da aka haɗa mu da shi a waya. Karatu ya kai shi ƙasar, ya ƙare a rakiyar marasa lafiya. Turarensa ya riga shi isowa.

"Hajiya, kin zo gida," ya ce da Yaya. "In sha Allahu da ƙafarki za ki hau jirgin komawa. Ƙanwata, kawo fasfo ɗinku in adana."

"Suna adane."

"A ina?"

"Inda hannunka ba zai kai ba."

Ya yi dariya. Yaya ta ce, "Auta," a hankali. Haka take kira na in tana so in rufe baki.

Ni a cikin dillalan tumatir na tashi. Na san yadda ake shirya kwando: manya jajaye a sama, matsattsu da masu ruwa a ƙasa. Duk wanda ya fara nuna min saman kwando, ƙasan nake nema.

Masaukin da ya kai mu dogon bene ne cike da 'yan Najeriya masu jinya, masu ƙoda, masu ido, masu ƙashi. Ɗakinmu yana can sama. Liftar gidan ba ta cin keke sai an naɗe shi, don haka kullum sai in rungumi Yaya a tsaye, mai gadi ya biyo mu da keken ta matakala. Ta taga ba ka ganin komai sai wasu benayen da shanyar mutane. Ni da na saba in na buɗe ido in hango kore har ƙarshen gani, sai na ji kamar an kife ni da kwarya. Burodinsu faffaɗa, wakensu babu yaji. Na yi kewar ƙarar injin ban-ruwa, abin da a gida nake zagi.

A ranar farko wata dattijuwa ta turo ƙofa da kwanon kunu. Hajiya Mairo, mutuniyar Bichi, mijinta ake wa wankin ƙoda, ta daɗe a gidan har ta zama kamar uwar kowa. Ta tambayi sunan garinmu, da sana'ar mijin Yaya, da ko gona tamu ce ko haya. Da ta fita na ce, "Wannan 'yar rahoton Kabiru ce. Auna mu take."

Yaya ta ce, "Kunun ma ɗan rahoto ne? Miƙo min."

Wurin da Malam Kabiru ya fara kai mu ya fi otal kyau. Likitan ya yi ta murmushi, bai ko ɗaga ƙafar Yaya ba. Ya yi dogon Larabci, Kabiru ya juya mana shi a gajarce: "Ya ce yau za a fara, ya ce za ta taka." Na ce da likitan da Turanci, ina gwajin jini, ina hoton ƙwaƙwalwa? Ya dubi Kabiru, Kabiru ya dubi silin. Na juya keken na tura Yaya waje.

A mota Kabiru ya ce, "Kin kunyata ni."

"Nawa suke ba ka a kan kowane kai?"

"Ƙanwata, kowa da inda yake ci. Ke a garinku dillali sadaka yake yi?"

Aƙalla bai musa ba. Likitanmu na Kano ya taɓa ba ni sunan wata likitar jijiya a can. Kabiru ya ce ta yi tafiya. Washegari ya ce ta yi ritaya. Na ce to ya kai ni in ga ritayar da idona.

Tana nan. Tsohuwa ce gajera, ba ta dariya, ofishinta kuma fentinsa ya fara tashi. Ta sa aka ɗebi jini, aka duba hanta da huhu, aka tura Yaya cikin injin nan mai ƙara kamar ana ƙera garma. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu, ta ce da Kabiru ya jira a waje tunda ina jin Turanci. Fuskarsa a lokacin ta biya ni wahalar jirgi.

Ta ce maganin ba don wannan ciwon aka yi shi ba. An yi shi ne don wani ciwon daji na jini da wani ciwon gaɓoɓi, likitoci suka lura yana kwantar da irin na Yaya a jikin wasu, suke ba da shi a kan sanin haka. Ta ce ya fi amfani in wutar ciwon tana ci. A jikin Yaya yawanci toka ce ta rage, sai ɗan wuri guda da hoton ya nuna yana ci har yanzu.

"Ƙafa ba za ta dawo ba," ta ce. "Hannun hagu ma haka. Wataƙila ya tsare na daman. Wataƙila bai yi komai ba. Abin da na tabbatar shi ne zai raunana garkuwar jikinta na tsawon watanni. Murar da za ki yi ki warke, ita tana iya kwantar da ita."

Na zauna ina kallon ta. Ban taɓa ganin mai sayarwa ya juye ruɓaɓɓun a sama ba. Sai zargina ya ƙaru. Na ce a raina, ko dai salon nan ne, a kushe kaya don a yarda da kai.

Na juya wa Yaya maganar duka, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon hannunta a kan cinya, tana buɗe shi tana rufewa.

"Ke me kika gani?"

"Ban yarda da ita ba."

"Auta, ke da wa kika taɓa yarda?" Ta ɗago hannun. "Ce mata a saka min. Jikina ne."

Ƙarin ruwa ne, a hankali, tun hantsi har la'asar. A tsakiya Yaya ta fara rawar sanyi, maƙogwaronta yana ƙaiƙayi. Na miƙe zan fizge robar, wata nas ta riƙe min hannu, ta rage gudun ruwan, ta ƙara wata allura, abin ya lafa. Kafin mu tafi likitar ta ja ni gefe ta ce: ban da taro, ban da mai tari, duk mai taɓa ta ya wanke hannu, in kuma jikinta ya yi zafi in kawo ta a take. Na ce to. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na manta da wane irin mutane muke.

A gidan nan akwai al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, masu ƙarfi-ƙarfi sukan haɗu su bi ɗaki-ɗaki suna duba marasa lafiya. Hajiya Mairo ce a gaba. Sun ji an saka wa Yaya magani, don haka ranar ɗakinmu suka nufo gaba ɗaya. Na ji takunsu a matakala na tashi zan murɗa mukulli.

"Kada ki soma," Yaya ta ce.

"Likita ta ce..."

"Likita ba Bahaushiya ba ce. Mutane su tako su zo gaishe ni, ki rufe musu ƙofa? A ce 'yar wa? Tun da na zauna, me ya rage min ban da sannun mutane?"

Wannan ce maganar da ta kashe min jiki. Mace ce da a da ba a biki ko suna a unguwarmu ba ta je ba. Yanzu duniya ce take zuwa wurinta, in ta ga dama. Na saki mukullin.

Suka cika ɗakin har kan gado. Matan kowacce ta kama hannun nan na dama, don shi ne mai motsi, ta riƙe, ta yi addu'a ta tofa a tafin, ta shafa. Mazan suna daga baya suna amin. Akwai wata mai rakiyar ɗanta da take tari cikin gyale, tana cewa sanyin fanka ne. Ina tsaye a jikin bango ina ƙirga tarin a raina. Yaya kuwa fuskarta ta yi haske yadda ban gani ba tun a gida. "Da sauƙi, alhamdu lillahi," take ta cewa. "Da sauƙi."

Bayan 'yan kwanaki na ga tana ƙin haɗa ido da ni. Na taɓa goshinta ta kawar da kai, ta ce zafin gari ne. Ta san abin da zan ce, shi ya sa ta ɓoye. Da azahar na ajiye mata shinkafa na juya ina wanke kofi, sai na ji ƙarar cokali a ƙasa. Na ɗauka na mayar mata. Yatsun suka ƙi rufuwa. Hannun yana kwance a kan cinyarta kamar ba nata ba.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ɗauke abincin."

Ranar kuma lifta ta mutu. Na kira Kabiru ina zaginsa tun kafin ya yi sallama, na ce sun haɗa baki an ɗura mata jabu. Ya zo da gudu, shi da mai gadi suka ɗauki Yaya da kekenta suka sauko da ita benen nan kaf, yana haki, rigarsa mai tsada ta jiƙe sharkaf. A mota ya ce, "Ci gaba da zagin, ina ji." Ban ci gaba ba. Har yau ban san inda zan ajiye mutumin nan ba.

Likitar ma ban raga mata ba. Na ce mun kawo hannu mai aiki, kin kashe shi. Ta bar ni na gama, ta sa abin aunawa a ƙirjin Yaya, sannan ta ce ciwon huhu ne. Ta ce jijiyar da ta riga ta lalace ba ta jure zazzaɓi, in jiki ya yi zafi sai ta ɗauke, in ya sauka sau da yawa takan dawo.

"Sau da yawa?"

"Ba kullum ba. Wa ya zo wurinta?"

Ta ce ba za ta iya rantsewa daga ina ciwon ya zo ba, yana iya zama daga asibitin ma, ko daga mota. Ni ma ba zan rantse a kan matar nan mai gyale ba. Amma na san ƙofar da na buɗe.

Aka kwantar da Yaya. Ni nake ba ta abinci a baki, tana karɓa idonta a rufe. Ban ce mata ai na faɗa miki ba, ko da yake maganar tana nan a bakina kamar ƙaya.

Rana ta biyu na fito na tarar da Hajiya Mairo a kan benci da fulas. Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa.

"Ba za ki shiga ba."

"Wa ya ce miki shiga zan yi? Zauna, 'yar nan, kin yi baƙi kamar gindin tukunya." Ta zuba min kunu. "An gaya min abin da likita ta ce. Me ya hana ki faɗa mana?"

"Da kun ji?"

"Da ba mu ji ba," ta ce. "Da mun ce ba ki da kunya." Ta kurɓi nata. "Mutum in ya ɗauko gaisuwa daga ɗakinsa, sai ya sami inda zai sauke ta. In kin rufe ƙofa ya koma da ita, gaba kika saya. Ki nema masa wurin saukewa."

Da aka sallamo mu, Juma'ar da ta biyo, Hajiya Mairo ta shimfiɗa darduma a bakin ƙofarmu ta zauna a kai, ta cika ƙofar. Ƙofa a buɗe, Yaya tana can ciki kusa da taga. Duk wanda ya zo ya tsaya a bayan Hajiya ya yi sannu, ya yi addu'a daga nan. Wani ya ce wannan wane sabon salo ne, ta ce, "Addu'arka gurguwa ce da ba za ta iya taku biyar ba?" Aka yi dariya. Ni da na faɗi haka da an kai ƙarata har garinmu Kura.

Hannun ya dawo a hankali bayan zazzaɓin ya sauka. Babban yatsa ya fara, sai manuni, sai na tsakiya. Ƙananan biyun sun dawo rabi, har yau a lanƙwashe suke. Ranar da ta kai loma bakinta da kanta rabin shinkafar a zaninta ta zube. Na kai hannu zan taimaka ta buge ni da bayan cokali.

Ko maganin ya yi aiki? Ban sani ba. Wannan ce amsar da mutanen garinmu ba sa so. Da za mu taho na tambayi likitar, ta ce in watanni suka wuce hannun yana yadda yake, to ko maganin ne, ko kuma dama ciwon ya yi niyyar hutawa, ba mai iya rabewa. Na gama juye kwandon matar nan har ƙasa ban sami abin da ta ɓoye ba. Hakan ma bai sa na saki jiki ba.

Mun dawo an gama kwashe tumatir, an fara gyaran gonakin shinkafa. Tun a ranar gari ya taso. Daga Bunkure, daga Kadawa, dangin Yaya Ado daga Madobi, kowa da hannunsa a miƙe. Babu Hajiya Mairo a nan. Sai ni, kuma ni ba ni da bakinta. Na ajiye buta da sabulu, na ce daga tsakar gida za a gaisa. Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni da na yi wa uwarku wankan jego za ki nuna wa sabulu?" Ta juya da ƙullin gyaɗarta. Daga nan labarin girman kaina ya fara yawo.

Matsalar ita ce ɗakin Yaya ƙaramar taga gare shi, can sama. Wanda ya tsaya a tsakar gida ba ya ganin ta, ita ma ba ta ganin sa. Mutane suka fara ɗaukewa. Ta koma kwana da wuni tana sauraren takun da ba ya shigowa. Shekaranjiya ta ce min, "Kin tsare min hannu, Auta. Wa zan miƙa wa?"

Na je na sami Yaya Ado a gona yana buɗe wa shinkafa ruwa, na ce bangon ɗakinta na gabas nake so a fasa, a yi taga babba, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin kekenta, a sa raga, a gina dakali a waje ƙarƙashin darbejiya. Ya jingina da fartanya ya ce, "Bangon gidana?" Na ce shi. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce sun riga sun yi.

Lokacin ƙarin ruwa na biyu yana matsowa. Yaya ta ce za ta sake, in dai hannun yana nan. Likitanmu na Kano ya ce zai yi magana da ta Alƙahira a ga ko za a iya saka mata a nan. In bai yiwu ba za mu koma, fasfo a inda na saba ajiye shi.

Magini zai zo Asabar. Kafin nan akwai Juma'a, kuma an ce min Gwaggo Asabe ta huce, za ta zo da ayarinta, tana kuma fama da mura. Zan jawo turmi in kife shi a bakin ƙofa in zauna. Zan gaishe ta har ƙasa, in karɓi gyaɗar, in nuna mata inda tagar za ta fito. In ta ga dama ta zage ni daga nan, Yaya tana ji, in an fasa tagar za ta ɗaga mata hannu.